Tambaya da Amsa: Daga Kwalejin Shekara Biyu Zuwa Jami'a a Amurka

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kejetia, ina zaune a Aboabo, nan Kumasi. 'Yata ta gama sakandare da sakamako mai kyau a jarrabawar WASSCE, sannan ta dace da bizar nan ta ƙuri'a, ta tafi Amurka wurin ƙanena da ke zaune a Bronx, cikin birnin New York. Na sa ran za ta shiga jami'a kai tsaye, sai ƙanen nawa ya sa ta a wata kwalejin al'umma ta shekara biyu, ya ce daga can ne za ta wuce jami'a ta ƙarasa digiri a fannin akanta. Yanzu ta gama shekarar farko. Abokan zamana a majalisa suna cewa duk ranar da ta shiga jami'a daga farko za ta fara, shekaru biyun nan sun tafi a banza. Shin haka ne? Kuma idan ta dawo gida, za a karɓi irin wannan digiri?
Alhaji, daga Aboabo

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yarinya albarka, ya kuma saka wa ƙanenka da alheri, domin hanyar da ya ɗora ta a kai sananniya ce, kuma tsohuwa ce, tun da kwalejin gwamnati ta farko irin wannan, wato ta Joliet a jihar Illinois, an buɗe ta ne a 1901. A Amurka da kiredit ake auna digirin farko, kuma yawanci ana buƙatar kimanin 120, inda darasi ɗaya kan ɗauki kiredit 3. Rabin farko na wannan adadi galibinsa darussan gama-gari ne, irin su rubutun Turanci, lissafi, kimiyya da tarihi, waɗanda kowane ɗalibi sai ya yi su ko da wane fanni ya zaɓa. Kwalejin shekara biyu tana koyar da wannan rabi, kimanin kiredit 60, a kan kuɗin da bai kai na jami'a ba. Wanda ya kammala ya wuce, jami'ar da ya ƙarasa a cikinta ita ce ke ba shi digiri da sunanta, daidai da na wanda ya shafe shekara huɗu a cikinta.

Sai dai maganar abokan zamanka ba ta rasa tushe ba. Ofishin binciken ayyukan gwamnatin Amurka, GAO, ya fitar da rahoto a 2017 wanda ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu idan aka ɗauki matsakaici. Irin wannan asara ba kowa take samu ba, kuma dalilanta sanannu ne, don haka ana iya kauce mata tun yanzu da sauran shekara guda a gaban yarinya.

Abu na farko da za ka tambaye ta idan kun yi waya shi ne wace irin takarda ta yi rajista a kai. Takardun AA da AS an tsara su ne domin mai niyyar wucewa jami'a. Ita kuwa AAS an tsara ta ne domin mai son kama aiki da zarar ya gama, saboda haka tana cike da darussan sana'a waɗanda jami'a ba lallai ta lissafa su duka ba. A fannin akanta ana samun wannan ruɗani sosai, domin ɗalibi yakan ga sunan fanninsa a jikin tsarin AAS ya ɗauka ya dace, alhali tsarin AS na harkokin kasuwanci shi ne ya fi kai shi inda yake so. Idan ta ce AAS take yi, kada hankalinka ya tashi, amma ta je wurin jami'in da ke ba ɗalibai shawara a wannan makon, ba sai ƙarshen shekara ba.

Inda aka fi yin asara, kuma ba a cika ganewa ba sai lokaci ya ƙure, shi ne bambancin da ke tsakanin a karɓi darasi da a lissafa shi cikin fannin da ɗalibi yake nema. Jami'a tana iya rubuto wa yarinya cewa ta karɓi kiredit 60 ɗinta cif, ita da ku duka ku yi murna, sannan idan ta zauna da shugaban sashen akanta ya duba takardar sakamakonta ya ce darasin ƙididdiga da ta yi ba shi ne wanda sashensu ke nema ba, an dai ajiye mata shi a sahun darussan zaɓi. Kiredit ɗin yana nan a rubuce, amma bai rage mata ko kwana ɗaya ba, sai ta sake zama ta kuma sake biya. Ka san wannan a kasuwa, Alhaji: wanda ya yi sari bai tambayi abin da masu saye ke nema ba, shagonsa a cike yake amma ciniki ya tsaya. Maganin abin shi ne ta tsayar da jami'a biyu ko uku da take so tun yanzu, ta ɗauko jerin darussan da sashen akanta na kowacce ya wajabta, sannan ta zaɓi darussan shekararta ta biyu a kan wannan jeri. Ta kuma sani cewa darussan share fage na Turanci ko lissafi ba sa ɗauke da kiredit ɗin digiri, kuma jami'o'i da yawa ba sa karɓar darasin da sakamakonsa ya gaza C.

Idan kwalejinta tana ƙarƙashin CUNY, wato tsarin jami'ar birnin New York, to ta samu sauƙi, domin kwalejojin shekara biyu da na shekara huɗu duk a inuwa ɗaya suke. Tun 2013 suke aiki da tsarin Pathways, wanda ya sa kiredit 30 na darussan gama-gari suke bin ɗalibi duk inda ya koma a cikin tsarin, kuma suna da shafin intanet mai suna Transfer Explorer inda za ta ga yadda za a lissafa kowane darasi nata kafin ta nemi gurbi. Kwalejin Lehman tana nan cikin Bronx, ita kuwa Baruch da ke Manhattan ta yi suna a fannin kasuwanci da akanta, kuma gasar shigarta ta fi zafi. Ni dai shawarata ita ce ta kammala takardar shekara biyun kafin ta tashi, domin ko da rayuwa ta tilasta mata dakatawa daga baya, tana da shaida a hannu.

Akwai wani ɓangare da ya rataya a wuyan iyaye, kuma zan faɗe shi ko da ba a tambaye ni ba. Tun da tana da katin zama na dindindin, tana iya cike takardar neman tallafin karatu ta FAFSA ta nemi tallafin gwamnatin tarayya mai suna Pell, amma wannan tallafi yana da iyaka, zangon karatu 12 ne ga mai cikakken karatu, don haka duk darasin da aka maimaita daga cikinsa ake ci. Yaranmu da yawa a can suna aikin dare domin su aiko da kuɗi gida, su shiga aji da safe ido ya yi ja, kuma sakamakon da suka samu a haka shi ne jami'a za ta duba. Idan Allah ya hore, a ɗaga mata ƙafa a kan aike har ta wuce wannan mataki.

Batun dawowa gida kuwa ba shi da wuya. Hukumar GTEC, wadda aka kafa a 2020, ita ce ke tantance takardun karatu na ƙasashen waje a Ghana, kuma abin da take dubawa shi ne ko jami'ar da ta ba da digirin tana da amincewar hukumomin ƙasarta. Idan kuma tana son zama ƙwararriyar akanta a nan, sai ta bi ta cibiyar akantoci ta ƙasa, wato ICAG.

TAMBAYA: Malam, ni saurayi ne daga Asawase, na gama sakandare bara. Ina so in bi wannan hanya daga nan gida da bizar ɗalibi, saboda an ce ta fi araha. Idan na gama kwalejin, sai na dawo Accra na sake neman biza kafin in shiga jami'a?
Wani ɗalibi, daga Asawase

AMSA: Ɗana, ba sai ka dawo ba, matuƙar ka kiyaye sharuɗɗan zamanka. Mai bizar ɗalibi, wato F-1, yana da rajista a kundin gwamnati na ɗaliban ƙasashen waje mai suna SEVIS, kuma idan jami'a ta ba ka gurbi, jami'in kula da ɗaliban ƙasashen waje na kwalejinka shi ne zai tura rajistar zuwa sabuwar makarantar, ita kuma ta ba ka sabuwar takardar shaidar ɗalibta, wato I-20. Dole ne a yi wannan kafin wa'adin da aka ba ka bayan kammala karatu ya cika, kuma ka fara a jami'ar cikin wata 5. Dokokin shige da fice sukan sauya, saboda haka ka riƙa jin magana daga bakin wannan jami'i, kuma kafin ka tashi ka ziyarci masu ba da shawara kan karatu a Amurka na EducationUSA, waɗanda suke da cibiya a Accra da kuma nan Kumasi.

Arahar da aka gaya maka kuwa sai ka yi mata lissafi da kyau. Ba za ka biya kuɗin da ɗan jihar yake biya ba, za a caje ka na baƙo, wanda ya fi yawa nesa. Ba ka da rabo a tallafin gwamnatin tarayya irin wanda 'yar Alhaji za ta iya samu, kuma aikin da doka ta yarda ka yi lokacin karatu galibi na cikin makaranta ne, wanda bai wuce awa 20 a mako ba, alhali dole ne ka ɗauki aƙalla kiredit 12 a kowane zango. Jami'ar ma ba za ta ba ka I-20 ba sai ka sake nuna shaidar kuɗin da zai ishe ka shekara guda a farashinta, ba a farashin kwaleji ba. Saboda haka ka zauna da mahaifinka ko wanda zai ɗauki nauyinka ku lissafa shekara huɗu cikakku da dala, ku mayar da su sidi, sannan ka rubuta wa kwalejin da kake so ka tambaye ta waɗanne jami'o'i ne take da rubutacciyar yarjejeniya da su, da kuma ko yarjejeniyar ta haɗa da ɗaliban ƙasashen waje.