Mota na mutuwa a hanya: famfo za a saya ko tanki za a wanke?

Tambaya: Ina da a-kori-kura Peugeot 504, ina kai gero da riɗi kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Da safe tana tashi lafiya, amma in tafiya ta yi nisa sai ta fara fizga, ta mutu. In ta huta minti goma sai ta tashi. Bakanike ya ce in sayi sabon famfon mai. In saya? Daga wani direba a yankin Gumel.

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Yawancin famfunan da ake cirewa a irin wannan matsala lafiyarsu ƙalau, hanyar mai ce ta toshe.

Da zarar ta mutu, sauka ka buɗe murfin tanki. In ka ji ya ja iska "fuuu", kuma motar ta tashi nan take, to ƙofar iskar tankin ce ƙura ta toshe. Mai na fita, iska ba ta shiga, har famfo ya kasa ja. Gyaran bai wuce wanke murfin ko sauya shi ba.

In ba shi ba ne, a cire filtar mai a zazzage ta ta bakin da mai ke shiga, cikin kwalbar gilashi mai haske. Jan gari tsatsar tanki ce. In kuma bayan minti biyu ka ga wani abu ya kwanta a ƙasan kwalbar ya rabu da fetur, ruwa ne, domin ya fi fetur nauyi. Sau da yawa daga man 'yan bumburutu yake shiga, ko ta lalatacciyar robar murfi lokacin damina. Gargadar hanya ce ke tayar da wannan datti ya liƙe a filta, mota ta mutu, in ta tsaya ya koma ƙasa. Shi ya sa hutun minti goma ke yi mata magani. A nan sai an sauke tankin an wanke, ya bushe sarai, sannan a sa sabuwar filta, kibiyar jikinta na kallon inji.

Akwai kuma zafi. A watan Afrilu, in tiyon mai ya kusanci bututun hayaƙi, fetur kan zama tururi a ciki, famfo kuwa ba ya tura tururi. A janye tiyon a ɗaure shi nesa.

Sai bayan duk wannan a gwada famfo. A zare wayar kwayil, a cire tiyon da ke shiga kafireta a sa a kwalba, a murza makulli na daƙiƙa 10. Lafiyayyen famfo zai riƙa tsarto mai da ƙarfi. In ɗigo yake yi, saya. Ka kuma shinshina sandar gwada baƙin mai. In tana warin fetur, robar cikin famfon ta yage, kuma dole a juye baƙin man ma, in ba haka ba inji zai ci kansa.

Tambaya: Golf 3 ɗina ta ƙona famfo biyu a jere. Sabo zan saya ko na Beljiyam? Daga wani malamin makaranta a Rano.

Amsa: Malam, famfo na uku ma zai bi su in ba a gano abin da ke kashe su ba. Famfon wannan mota na lantarki ne, a cikin tanki yake, fetur ne ke sanyaya shi. Mai zuba lita uku-uku kullum yana dafa shi ne. Mun san tsadar mai, amma a yi ƙoƙari kada ya sauka ƙasa da kwatan tanki. A duba ragar da ke gindinsa, da filtar ƙarƙashin mota, da rile (makunnin da ke ba famfo wuta) da fiyus. In ka murɗa makulli ba ka tayar ba, ya kamata ka ji kukansa na ɗan lokaci kaɗan daga baya.

Wajen saye, ka tafi kasuwar kayan gyaran motoci ta Ƙofar Ruwa a Kano da tsohon famfon a hannunka. Golf 3 iri-iri ce: mai nozul (bakin feshin fetur) ɗaya tana aiki da matsin fetur kusan 1 a ma'aunin matsi na bar, mai nozul huɗu kusan 3, kuma ba sa musanya. Mu dai mun fi son na Beljiyam na asali, irin Bosch ko VDO, da aka gwada a gabanka, a kan sabo mai arha marar suna. Kada ka yarda a daɗe ana kunna shi a bushe.

Tambaya: Laifi ne in ɗaura galan ɗin fetur a cikin mota in jawo tiyo zuwa kafireta?

Amsa: Don Allah a bari. Tartsatsi ɗaya daga batir ko sigarin fasinja ya isa. In ta kama dole a daji, a ɗaure galan ɗin a waje, nesa da inji da salansa, a sauke fasinjoji, a lallaɓa zuwa garejin farko.