Tambaya da Amsa: Sabar da Nake Rubutawa da Daddare Za Ta Gyara Ofishinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin haɗa manhaja a Kano, mu shida ne masu rubuta kod. Babban aikinmu shi ne shafin da makarantu masu zaman kansu ke sa sakamakon jarrabawa da karɓar kuɗin makaranta. Duk ƙarshen zango, ranar da iyaye suka yi ca a kan shafin, sai ya tsaya cak. Oga ya tara mu ya yi ta faɗa, ya ce zai ɗauko ƙarin mutum biyu. Aikin kuwa ta saƙon murya na WhatsApp yake zuwa, wani lokaci sha ɗayan dare, washegari kuma ya ce ba haka ya faɗa ba. Lambobin sirrin saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, duk suna hannun babban cikinmu, shi kaɗai ke ɗora gyara, kai tsaye a kan shafin da jama'a ke amfani da shi, in ya yi tafiya sai dai mu jira. Sabar ta haya ce, RAM ɗinta giga ɗaya, Apache, manhajar saba mai miƙa shafi ga burauza, da PHP mai tafiyar da kod ɗinmu, da MySQL mai ajiye bayanai duk suna cikinta. Gajiya ta sa na fara rubuta tawa sabar mara nauyi da harshen C a gida da daddare, har ta fara amsa burauza. In na gama, in ɗora ta a madadin Apache in nuna musu, ko kawai in ajiye aikin?

Wani ƙaninka daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ci gaba da rubuta sabarka, amma kada ka kuskura ka ɗora ta a kan shafin makarantun nan. Zan faɗi dalili, sannan mu zo kan ofishinku, don can gizo ke saƙar.

Abin da ya sa aikin ya yi maka daɗi na san shi. Saba a asalinta abu ne mai sauƙi ƙwarai. Ta zauna tana sauraron ƙofa ta 80, burauza ta turo layi ɗaya, GET / HTTP/1.1, da 'yan bayanai a ƙasansa, ita kuma ta mayar da 200 OK tare da shafin. Cikin dare ɗaya mutum zai iya rubuta wannan, kuma ba mai turo masa saƙon murya ya canza masa magana. Wahalar tana farawa ranar da ka buɗe ƙofar ga duniya. Wani zai nemi fayil da adireshi mai ɗauke da ../../ ya haura cikin kwamfutar ya karanto abin da ba a ajiye don kowa ba. Wani zai buɗe layuka da yawa ya riƙa turo bayanansa harafi-harafi, ba ya gamawa ba ya tafiya, har gurabenka su cika, wannan shi ne harin Slowloris da ya bayyana a 2009, kuma Apache ma ta sha shi. Wani zai turo adireshin da ya fi wurin da ka tanada tsawo, a harshen C kuwa wannan kaɗai ya isa ya ba shi iko da injin. Ban ma zo kan HTTPS ba, tsarin ɓoye bayanan da ke tafiya tsakanin burauza da saba, wanda ba yadda za a yi shafin da ake biyan kuɗi ya rasa shi. A shafinku akwai sunayen yaran mutane, da makinsu, da lambobin wayar iyayensu. Ba wurin gwada sabon kod ba ne.

Tunanin naka dai ba shirme ba ne, matsalar da ka hango manya sun hango ta. A 1999 wani injiniya, Dan Kegel, ya sa mata suna C10k, wato yadda kwamfuta ɗaya za ta riƙe mutum dubu goma a lokaci guda. Tsohon tsarin Apache shi ne kowane baƙo a ware masa nasa ma'aikacin. Ka ɗauka teburin mai shayi ne da aka ce kowane mai saye sai an tsayar masa da yaro guda, yaron na tsaye har ya gama shan shayinsa. Mai shayi na gaske shi kaɗai ne, ya fasa wa wannan ƙwai, kafin ya soyu ya zuba wa wancan madara, ya karɓi kuɗin na uku. Haka nginx, wata manhajar saba mai gogayya da Apache, take aiki: 'yan ma'aikata kaɗan, kowanne na tambayar Linux ta hanyar epoll wane layi ne ya shirya, ya biya masa buƙata ya wuce. Igor Sysoev ya fara rubuta ta a 2002 a Mosko, ya sake ta ga jama'a a Oktoban 2004. A daidai wannan zamanin Jan Kneschke a Jamus ya fitar da lighttpd don magance matsalar guda. Akwai ma wanda ya yi irin abin da kake son yi ya kuma zauna lafiya: shafin SQLite, wata manhajar ajiye bayanai, tun 2004 yana tafiya ne a kan althttpd, ƙaramar saba da Richard Hipp ya rubuta da C. Sai dai shafin nasa ne, kod ɗin nasa ne, in ta faɗi shi zai tashi. Kai kuwa in taka ta faɗi ranar sakamako, kuma ga shi kai kaɗai ka san cikinta, ka zama irin babban naku da kake kuka da shi.

Ina kuma kyautata zaton Apache ba ita ce mai babban laifin ba. Yi lissafi. A ce kowane ma'aikacin PHP yana cin mega 50, giga ɗaya da ƙyar za ta ɗauki ashirin, ballantana MySQL na nan tana cin nata kason. Idan kowane uba da ya danna neman sakamako sai an tara makin ɗansa daga farko, an lissafa matsayinsa a aji, an haɗa masa PDF, to ko sabar da ta fi kowacce sauri a duniya ka sa a gaba, layin zai tsaya ne a bayanta. Ka nemi a buɗe maka rajistar tambayoyi masu jinkiri ta MySQL, ka sa umarnin EXPLAIN a gaban waɗanda suka fi daɗewa don ka ga yadda ake nemo amsarsu. Sau da yawa za ka tarar teburin maki ba shi da fihirisa a kan lambar ɗalibi, ana bin layi dubbai don nemo goma. Sannan sakamako ba ya canzawa bayan shugaban makaranta ya sa hannu. Me zai hana a haɗa duk takardun da daddare a ajiye, ranar da iyaye suka zo a miƙa musu fayil kawai, bayan an tabbatar mai nema shi ne mai shi? A sa nginx a gaba, a koma PHP-FPM, mai kula da ma'aikatan PHP daban, a ƙayyade yawan ma'aikatansa daidai da ƙarfin RAM. Wannan aikin kwana biyu ne zuwa uku, kuma shi ne zai sa oga ya san da kai.

Yanzu ofis. Maganar ɗauko ƙarin mutum biyu, Fred Brooks ya gama da ita tun 1975, bayan ya jagoranci aikin OS/360 a kamfanin IBM: ƙara mutane a aikin manhajar da ya makara ƙara masa makara yake yi. Sababbin sai an koya musu, masu koyarwar kuwa su ne masu aikin. Ga kuma yawan bakin da sai ya haɗu da baki. Ku shida hanyoyin magana tsakaninku 15 ne, in kun zama takwas sun koma 28, duk a kan umarnin da ba a rubuce yake ba.

Saƙon muryar nan ba za ka hana oga turo shi ba, haka ya saba, wataƙila ma yana tuƙi yake yi. Abin da ke hannunka shi ne ka saurara da safe, ka rubuta a zauren WhatsApp na ofis, inda kowa zai gani: "Yallaɓai, abin da na fahimta shi ne kaza da kaza, zai ɗauki kwana huɗu, kuma zai tura aikin rasit zuwa mako mai zuwa. In fara?" Ka jira ya ce e. Ka lura ban ce ka yi haka don ka kama shi ba. Ranar da ka ɗauko tsohon saƙo ka karanta masa a gaban mutane don ya ji kunya, ranar ka rasa shi. Amfanin rubutun shi ne ya ga farashin canza magana kafin ya canza. Da yawan masu kamfani ba mugunta ba ce, ba su taɓa ganin abin da "ɗan ƙaramin gyara" ke ci ba.

Wanda ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne mutum ɗaya mai riƙe da makullai, yana ɗora gyara da hannu. Ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar sama da dala miliyan 400 cikin kimanin minti 45. An ɗora sabon kod a kan saba bakwai, aka manta ta takwas, kuma binciken hukuma ya nuna ba wani mutum na biyu da ya duba aikin ɗorawar. Ku ba za ku yi asarar miliyoyin dala ba, amma kuna iya wayar gari makin zango guda ya goge. Shin akwai kwafin rumbun bayananku a wani wuri dabam? An taɓa gwada dawo da shi? In amsar ita ce "muna zaton akwai", to babu.

Yadda za ka tunkari babban naku yana buƙatar dabara, domin riƙe makullan nan shi ne tsaron kujerarsa, ya san haka, kai ma ka sani. Kada ka tsallake shi ka tafi wurin oga. Ka same shi shi kaɗai ka ce, "Yaya, ko ranar Sallah ba ka hutawa saboda shafin nan. Bari in haɗa mana saba ta gwaji, kod ya riƙa bi ta Git mai ajiye tarihin kowane gyara, kai ne mai amincewa kafin a ɗora." Ka bar masa girmansa da kalmar ƙarshe, kai ka samu abin da kake so, wato aikin ya fita daga kan mutum ɗaya ya koma rubuce. In ya ƙi, sai ka nemi abu mafi ƙanƙanta: lambobin sirri su kasance a wurin mai kamfani ma. Wannan ba wanda zai ce rashin kunya ne.

Akwai abu guda game da sabarka da ba ka tambaya ba. A Disambar 2019 'yan sanda suka shiga ofishin Nginx a Mosko, suka tafi da Sysoev don yi masa tambayoyi. Dalili kuwa, an yi iƙirarin cewa manhajar mallakar Rambler ce, kamfanin da yake wa aiki lokacin da ya rubuta ta, duk da cewa shi matsayinsa shi ne a lokacin hutunsa ya yi. Shekara 15 tana hannun jama'a ba a kai shi ko'ina ba, sai 'yan watanni bayan kamfanin F5 ya sayi Nginx a kan dala miliyan 670. Saboda haka ka ɗauko takardar ɗaukarka aiki ka karanta abin da ta ce kan abin da ka ƙirƙira. Kada ka rubuta ko layi ɗaya na sabarka a kwamfutar ofis ko a lokacin aiki. Ka sa ta a asusunka na GitHub da lasisi a jiki. Wannan ma wani dalili ne na ƙin ɗora ta a kamfani, domin ranar da ta shiga aikinsu, raba naka da nasu sai lauya.

Batun ajiye aiki, ba ka ce ana riƙe maka albashi ba, don haka ban ga gaggawa ba. Ka gwada waɗannan zango ɗaya. In an kai ƙarshen zango mai zuwa ba sabar gwaji, ba kwafin bayanai, oga kuma na ganin neman a rubuta umarni raini ne, to ka fara neman wani wurin tun kana ciki. A hirar neman aikin, ƙaramar saba da ka rubuta da hannunka, kana iya bayanin yadda take karanta buƙata da yadda take korar mai jan ƙafa, za ta yi maka magana fiye da takardar kwas.

Tambaya: Injiniya, ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a sashen kimiyyar kwamfuta a Zariya. Kwamfutata tsohuwa ce, RAM giga huɗu, data kuma sai a hankali. Zan iya koyon yadda saba ke aiki da ita?

Amsa: Ƙwarai kuwa ƙanwata, har ta yi yawa, kuma ba kya buƙatar data bayan kin sauke Python. Ki shiga wata jakar fayiloli ki rubuta python3 -m http.server, ki buɗe burauza ki je localhost:8000, za ki ga fayilolinki, ki kuma ga kowace buƙata na fitowa a baƙin allo. Masu Python da kansu sun ce wannan ta koyo ce, kada a saka ta a aikin gaske. Daga nan ki rubuta taki da socket, sashen Python na aikawa da karɓar saƙo tsakanin na'urori, wadda za ta buga duk abin da burauza ta turo kafin ta amsa. Ki sa ta mayar da 404 in fayil babu. Sai ki kunna hotspot na wayarki, ki haɗa kwamfutar da wayoyin ƙawayenki biyu, su shigo tare yayin da kika sa amsar ta yi jinkirin daƙiƙa goma da gangan. Za ki ga ta biyun tana jiran ta farko, daga nan sai ki karanta darasin selectors a littafin bayanin Python ki gyara.