Tambaya da Amsa: Mura ce ko korona?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifinmu ya haura shekara 70, yana da ciwon suga da hawan jini, kuma kwana biyar ke nan yana fama da zazzaɓi da busasshen tari, ga shi ya daina jin ƙamshin abinci. Mai kemis ya ba mu maganin zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta, amma babu sauƙi. Yayyena sun ce murar hunturu ce kawai. Ta yaya za mu gane ko korona ce, kuma me ya kamata mu yi? Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya. Babu likitan da zai iya rarrabe korona da mura mai tsanani ta hanyar duban mara lafiya kawai, domin zazzaɓi da tari da ciwon jiki duk sun haɗa su, sai dai ɗaukewar jin ƙamshi da kika ambata tana ƙara ƙarfafa zargi. Gwaji ne ke raba gardama. Ana ɗebo majina daga can cikin hanci ko maƙogwaro da ɗan tsinke mai auduga, a kai ɗakin bincike a nemi ƙwayar cutar kanta ta hanyar gwajin PCR. A yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro ma, amma ko ya nuna akwai, hakan bai kore korona ba, tunda mutum yana iya ɗaukar duka biyun a lokaci guda.

Korona ta fara ɓulla ne a birnin Wuhan na ƙasar Sin a Disambar 2019, ta shigo Najeriya ta Legas a ranar 27 ga Fabrairun 2020, kuma wata guda bayan nan Gwamnan Kaduna na wancan lokacin, Nasir El-Rufa'i, ya sanar cewa ya kamu. Masu cewa ba ta zo Kaduna ba sai su tuna da wannan.

Abin da ya fi damuna game da Baba shi ne kwanakin da ke tafe, domin cutar kan tsananta ne a mako na biyu, musamman ga tsofaffi da masu suga ko hawan jini. Tana iya rage iskar oksijin a jini alhali mutum yana zaune yana hira bai ji sarƙewar numfashi ba. Saboda haka ku nemi ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, ku riƙa auna shi safe da yamma. Idan ta nuna ƙasa da 92, ko yana haki, ko ya fara rikicewa, ko ƙirjinsa na ciwo, ku kai shi asibiti nan take ko da tsakar dare ne. A ganina ma, mai shekarunsa da larurarsa ya kamata likita ya duba shi tun yau, a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko wanda ya fi kusa da ku, ku kuma sanar da ma'aikata abin da kuke zargi tun daga ƙofa.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka ba ku ba ya taɓa bairos, wato irin ƙwayar cutar da ke haddasa korona. Akwai kuma maganin dexamethasone, wanda binciken Jami'ar Oxford ta Ingila ya nuna a Yunin 2020 cewa yana rage mace-mace da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda ke kan na'urar taimaka wa numfashi. Amfaninsa ya tsaya ga masu buƙatar oksijin, kuma yana tayar da suga ƙwarai, don haka kada ku saya wa Baba shi a kemis, duk da cewa ana sayar da shi barkatai har wasu na sha don yin ƙiba. Surace da shayin citta suna iya sassauta maƙogwaro, amma ba sa kashe cutar.

Kafin sakamako ya fito, a ware masa ɗaki mai taga a buɗe, mutum ɗaya ya riƙa jinyarsa sanye da takunkumi yana wanke hannu da sabulu, a kuma ba masu zuwa dubiya haƙuri su gaishe shi ta waya. Sauran manyan gidan su je a yi musu allurar riga-kafi, wadda ta fara isowa Najeriya a Maris 2021 kuma kyauta aka riƙa yin ta. Shi kuwa Baba sai bayan ya warke.