Kafin ka sayi guandao mai nauyi

Ɗana, ka tambaye ni ko za ka sayi guandao mai nauyi tun yanzu, wato makamin nan na Sinawa mai doguwar ƙota da faffaɗan ruwa a kai, tunda ka ji an ce nauyin na Guan Yu jin 82 ne (jin ma'aunin nauyi ne na Sinawa). Ban amince ba.

Wannan nauyin daga almara ya fito. Guan Yu jarumi ne na gaske a ƙasar Sin, ya mutu a shekara ta 220 miladiyya, amma makamin da aka laƙaba wa sunansa sai a daular Song aka ga zanensa, cikin wani littafin yaƙi na shekara ta 1044, da sunan yanyuedao saboda ruwansa mai kama da jinjirin wata. Masu nauyin gaske na jarrabawar soja ne a daular Qing: jin 80, 100 da 120, babbansu ya haura kilo 70. Don gwada ƙarfi aka ƙera su, ba don fagen fama ba.

Abin da ya dame ni shi ne yadda na ga kana juya sanda jiya. Da kafaɗa kake yi, ƙugunka a sandare. Sanda za ta yafe maka, guandao ba zai yafe ba. Nauyinsa a gaba yake, ƙarfen gindin ƙotar yana ɗan rage rinjaye ne kawai. Idan ka kai sara, ba ka da ikon tsayar da shi da dantse. Ka gwada, wuyan hannu da gwiwar hannu ne za su biya. Ƙafa ce ke turawa, ƙugu ya juya, hannun gaba ya nuna hanya, na baya ya ja ƙota, sannan ka bar saran ya zagayo ya haifi na biyu. Na ga almajirai masu ƙwanji da suka shafe watanni suna jinyar kafaɗa saboda gaggawa, ba na so ka shiga sahunsu.

Ka koma kan mabu, tsayuwar mahayin doki, kullum da safe, ka kuma ci gaba da sanda har in ga ƙugunka ya saki. Daga nan sai mu nemo maka mai kilo uku zuwa huɗu, marar kaifi. Ranar da ya zo hannunka, kafin kowane atisaye ka girgiza shi ka ji ko mahaɗar ruwa da ƙota ta yi sako-sako, ka kuma waiga bayanka, don tsinin gindin nan ya fi kama ƙafar abokin horo.

Gobe ka zo da sandarka, daga juyin ƙugu za mu fara.