Me Mai Shari'a Ginsburg ta bari a baya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a fannin shari'a, ina aji uku, da aurena da 'yata guda. Kwanan baya malaminmu ya ambaci wata alƙaliyar Amurka, Ruth Bader Ginsburg, nan take aji ya kaure da gardama. Wasu suka ce jaruma ce, wasu suka ce irinta ne ke koya wa mata raina mazajensu. Don Allah me ta yi takamaimai, kuma me ya rage na aikinta bayan rasuwarta? Ƙanwarki, daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana 'yar, ya ba da sa'ar karatu.

Mu fara da batun raina miji, tunda shi ya fi zafi a ajin naku. Ruth ta auri Martin Ginsburg a 1954, suna tare har mutuwa ta raba a 2010, shekara 56 ke nan. Ta shiga makarantar koyon shari'a ta Harvard a 1956 da goyonta, tana cikin mata 9 a ajin da ke da ɗalibai kusan 500. Ana cikin karatu ciwon daji ya kwantar da mijin, wanda shi ma ɗalibi ne a can. Ita ce jinya, ita ce reno, ita ce mai haɗa masa darussan da suka wuce shi, ga nata karatun. Ta kammala a Columbia a 1959, sun yi kunnen doki da wani a matsayi na ɗaya, amma babu kamfanin lauyoyin da ya ɗauke ta aiki a New York. Ke da kike karatu da goyo, kin fi 'yan ajinku sanin nauyin wannan.

A ganina babban aikinta ta yi shi ne tun kafin ta hau kujerar alƙalanci. A shekarun 1970 tana lauya, ta tsaya gaban Kotun Ƙolin Amurka a shari'a 6, ta ci 5. A lokacin dokokin ƙasar da yawa an gina su ne a kan cewa kowane namiji mai nema ne, kowace mace mai jiran a ba ta ce. Alƙalan kotun kuwa duk maza ne, suna ganin irin waɗannan dokoki gata ne aka yi wa mata. Ta yaya za ki nuna wa mutum cutar da shi bai taɓa ji a jikinsa ba? Sai ta riƙa kai musu koken mazan da irin waɗannan dokoki suka cuta.

Dubi Stephen Wiesenfeld. Matarsa Paula malamar makaranta ce, ta fi shi samu, kuma duk wata ana yankar albashinta ana zubawa a asusun gwamnati na tallafin iyali. A 1972 ta rasu wajen haihuwa, ta bar masa jariri. Ya nemi kuɗin da ake ba wadda miji ya mutu ya bar ta da yaro don ta samu ta yi reno, aka ce masa na mata ne kaɗai. Ruth ta nuna wa kotu cewa mutum uku dokar ta cuta: marigayiyar da aka mayar da guminta ƙasa da na namiji, uban da aka hana reno, da marayan da bai san komai ba. A 1975 alƙalan suka soke wannan bambanci ba tare da ko ɗaya ya ƙi ba. Ki gaya mini, ina raina miji a nan? Kafin wannan, a 1971, ita ta rubuta hujjojin ƙarar Sally Reed, wadda dokar jihar Idaho ta hana ta kula da abin da ɗanta ya bari don kawai uban namiji ne. Wannan ne karon farko da kotun ta rushe wata doka saboda ta nuna wa mace bambanci.

Shugaba Carter ya naɗa ta kotun ɗaukaka ƙara a 1980, Clinton ya kai ta Kotun Ƙoli a 1993, ta zama mace ta biyu bayan Sandra Day O'Connor. A 1996 ita ta rubuta hukuncin da ya buɗe wa mata ƙofar kwalejin soja ta jihar Virginia.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda aka kayar da ita. Lilly Ledbetter ta yi shekara 19 tana aiki a masana'antar tayoyin Goodyear a Alabama, sai dab da barin aiki wani ya jefa mata takarda ba suna, ta ga ashe mazan da ke matsayinta sun fi ta albashi nesa ba kusa ba. Ta kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 2007 alƙalai 5 cikin 9 suka ce ta makara, kamata ya yi ta kai ƙara cikin kwana 180 da yanke albashin. Ruth ta ƙi. Ta karanta nata ra'ayin a bainar jama'a, tana cewa albashi abu ne da ake ɓoyewa, kuma irin wannan ƙwange kaɗan-kaɗan yake taruwa, to yaushe mace za ta sani har ta kai ƙara? Ta nemi majalisa ta gyara dokar. A Janairun 2009 gyaran ya zama doka ta farko da Obama ya sa wa hannu.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai matsayinta da ni da ke ba za mu bi ba, kamar goyon bayanta ga zubar da ciki da auren jinsi, domin addininmu da tarbiyyarmu sun yi hannun riga da su. Kundin tsarin mulkin Amurka take fassarawa, ba namu ba. Wannan bai hana in yaba mata inda ta tsaya wa maraya da ma'aikaciyar da aka ƙware ba.

Akwai kuma sukar da masoyanta da kansu ke yi mata, kuma ina ganin suna da gaskiya. Alƙalin Kotun Ƙolin Amurka ba shi da wa'adin ritaya, ba kamar namu ba, inda Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2012, ta sauka a 2014 da cikarta shekara 70. An roƙi Ruth ta sauka a zamanin Obama don a naɗa mai irin ra'ayinta, ta ce tana da sauran ƙarfi. Ta rasu a kan kujera ranar 18 ga Satumba, 2020, tana da shekara 87, Trump ya maye gurbinta da Amy Coney Barrett, kotun ta ƙara karkata ga ɓangaren da ya saɓa wa ra'ayinta. Duk da haka hukuncin Wiesenfeld da na Virginia da dokar Ledbetter suna nan suna aiki har yau.

Kafin gardama ta gaba, ki nemi hukuncin Wiesenfeld a intanet ki karanta da kanki, ba shi da tsawo, ki kai wa 'yan ajin naku.