Masa da Masala: Amsoshin Tambayoyinku Kan Abincin Indiya

Wani ɗalibi da ke karatun haɗa magunguna a Chennai ya aiko yana tambaya: "Malam, kullum sai na ji masala a bakin mutanen nan, kuma na ga suna da wani abinci mai kama da masarmu. Ko kalmomin biyu tushensu ɗaya?"

Ɗan'uwa, kunne ne ya yaudare ka. Masala a harshen Hindi da Urdu haɗin kayan ƙamshi ne da ake dakawa a zuba a girki, su kanumfari da citta da masoro da kirfa da kurkum. Daga Larabci ta shigo musu ta hanyar Farisanci, asalinta "masalih", jam'in "maslaha", wato abubuwan da ke gyara abu. Ashe ke nan 'yar'uwarta a Hausa ita ce maslahar da muke nema idan rigima ta ɓarke, ba masar Bauchi ba. Kada kuma a haɗa ta da mas'ala ta wajen malaman fiƙihu, wannan daga tambaya ta samo asali.

Amma idonka bai yi ƙarya ba. A kudancin Indiya, musamman jihohin Tamil Nadu da Karnataka, ana jiƙa shinkafa da wani ɗan ƙaramin wake mai baƙar fata da farin ciki da suke kira urad, a markaɗa, a bar ƙullun ya kwana ya tashi da kansa ba tare da yis ba. Idan aka turara shi a faranti mai gurabe, ya fito fari tas da laushi babu maiƙo, sunansa idli. Idan aka tsinka shi aka shimfiɗa a kan faffaɗan kasko ya yi siriri ya soyu ƙayau, dosa ke nan, kuma in an naɗe dafaffen dankali mai kayan ƙamshi a ciki sai a ce masala dosa. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne na uku, paniyaram, wanda mutanen Karnataka ke kira paddu. A tanda ake soya shi, tanda mai ramuka irin tamu, a ɗiga mai a kowane gurbi, a zuba ƙullu, a juya da tsinke idan ƙasan ya yi ja. Wannan kam ko a gaban mai waina a Kano ka kira shi wainar Indiya ba za ta musa maka ba. Idli kuwa a bar masa sunansa, don Bahaushe bai san wainar da ba ta ga tanda ba.

Wata Hajiya daga Zariya da ta yi jinyar mahaifiyarta a Delhi ta ce safe da dare abin da ake kawo musu shi ne romon wake da gurasa ko shinkafa, har ta riƙa cewa "rashin tuwo kan ci wake a kwana". Tana so ta san ko ta yi amfani da karin maganar daidai.

Hajiya, a kanki kin yi daidai. Ma'anarta ita ce mutum kan haƙura da abin da ya samu idan wanda yake so ya gagara. Maganar ta fito ne daga gidan da tuwon dawa ko na gero shi ne abincin dare, wake kuwa maneji ne. Sai dai da kin faɗa wa masu masaukinki, da sun yi mamaki, domin a wurinsu waken ne tuwon. Abin da aka ba ki shi ne dal, dangin wake da aka ɓare aka fasa biyu, a dafa har ya narke da kurkum da gishiri, sannan a soya tafarnuwa da barkono a man shanu a kwarara a kai yana ƙara. A arewacin ƙasar, inda ake noman alkama da yawa kamar Punjab, da roti, wato gurasar alkama, ake ci. A kudu da gabas shinkafa ce abokiyarsa. Har ma idan mutumin arewacin Indiya ya ce yana neman "dal roti", abin da yake nufi shi ne abin da muke cewa neman na tuwo.

Sai wadda ta tambaya ko samosar da muke yi da azumi sunan Indiyanci ne. A can ta yi suna, amma daga Farisanci kalmar ta fito, "sanbosag", Larabawa suka ce sambusak, shi ya sa wasu alhazanmu ke cewa sambusa. Ta titunan Delhi galibi dankali da koren wake ne a cikinta, ba niƙaƙƙen nama irin tamu ba, kuma da ruwan tsamiya mai zaƙi-zaƙi ake dangwala ta. Shi kansa dankalin, da barkonon da ke sa baƙo hawaye, daga nahiyar Amurka aka kawo su, bayan jiragen Turawan Fotugal sun fara isa gaɓar Indiya a 1498.