Jaridun Larabci Na Farko: Wa Ke Da Bakin Magana?

Tambaya: Malam, wace ce jaridar Larabci ta farko, kuma shin masu rubuta ta suna da damar faɗin albarkacin bakinsu? Daga wani ɗalibi a Katsina.

Amsa: Malam ɗalibi, wadda masana tarihi suka fi tsayawa a kanta ita ce Al-Waƙa'i'ul Misriyya, wadda Muhammad Ali Basha, mai mulkin Masar a lokacin, ya kafa a Alƙahira a 1828, ana buga ta da Turkanci da Larabci. Amma kada sunan "jarida" ya ruɗe ka. Takardar sanarwar gwamnati ce: an naɗa wane, an yanke hukunci kaza. Maganar suka ba ta ma taso ba. Haka Al-Mubashshir ta Aljeriya (1847), bakin Faransawa 'yan mulkin mallaka ce.

Jarida mai zaman kanta sai a 1855, lokacin da Rizƙullah Hassun, mutumin birnin Halab na ƙasar Sham, ya fito da Mir'atul Ahwal a Istanbul. Ba ta daɗe ba, shi kuma ya ƙare rayuwarsa a gudun hijira a Ingila. Halil al-Huri ya fi shi iya taku. Hadiƙatul Akhbar da ya kafa a Beirut a 1858 ta yi tsawon rai ne don ba ta taka sawun hukuma. Al-Jawa'ib ta Ahmad Faris Shidyaƙ kuwa, duk da kwarjininta, tana karɓar tallafi daga Sarkin Daular Usmaniyya da Khidiwi, wato mai mulkin Masar. Af, kalmar "jarida" da muka ara, Shidyaƙ ɗin ake dangantawa da yaɗa ta da wannan ma'ana.

Daular Usmaniyya ta kafa dokar 'yan jarida a 1864, kuma da Sultan Abdulhamid II ya hau mulki a 1876 aka ƙara matse wuya. Shi ya sa marubutan Sham, da ke ƙarƙashin Daular, suka riƙa kwarara Masar, inda aka fi sakin mara. Al-Ahram ma wasu 'yan uwa biyu daga Lebanon, Salim da Bishara Taƙla, suka fara buga ta a Iskandariyya a 1876.

Ni a ganina, inda aka yi rubutu ba tsoro shi ne ƙasashen waje. Dubi Yaƙub Sannu. Ya fito da Abu Nazzara Zarƙa, wato "mai shuɗin tabarau", da Larabcin kan titi da zanen barkwanci, yana kiran Khidiwi Isma'il "Shaikhul Hara", mai unguwa ke nan. A 1878 aka kore shi daga Masar. Ya zauna a Faris, babban birnin Faransa, ya ci gaba, ana cusa jaridar cikin wasu takardu a shigo da ita Masar a ɓoye. In an haramta suna ɗaya sai ya sauya wani: yau Abu Zammara, gobe Abu Saffara. A Faris ɗin ne kuma Jamaluddin Afgani da Muhammad Abduh suka buga Al-Urwatul Wusƙa a 1884. Fitowa 18 kacal ta yi, Ingila ta hana ta shiga Masar da Indiya.